Baki Uku a Gurbi Ɗaya

Aikin nan ya ba ni wahala. Na yi gyaran rediyo, na yi gyaran waya, na ja kebul a kan rufin kwano da tsakar rana a bazara, amma babu wanda ya ci min rai kamar sauya kod ɗin Oga Markus daga yaren kwamfuta na C zuwa na Go. Shi ya sa idan na ji ku a bencin ƙofar shagona kuna cewa ai sauya kod daga yare zuwa yare ba komai ba ne, a kwafa a liƙa wa manhajar nan da ke rubuta muku komai, ta fassara kafin shayi ya huce, sai in ji kamar in ɗauko bulala. Ba zan ɗauko ba. Rubuta muku zan yi, in kun ga dama ku karanta.

Sunana Sale. Firamare na gama, na ɗan leƙa sakandare, daga nan aka kai ni shagon gyaran rediyo a nan Kontagora. Turancina na kwamfuta ne. Idan ta yi ƙorafi na san abin da ke damunta, amma kada ka ce in yi wa wani dogon jawabi. Abin da na sani, Oga Markus ne ya cusa min shi. Shi Badukke ne, mutumin Dukku, ya yi aikin waya a birni ya gaji ya dawo. Shi ya haɗa wa Alhaji Mamman netwok ɗin da muke ci da shi har yau: babban akwati a saman benen Alhaji a Kontagora, ƙananan akwatuna a Nasko da Dukku da Kasuwan Garba, da eriyoyi a kan duwatsu a tsakani suna miƙa wa juna saƙo. Kod ɗin da ke cikin akwatunan, wanda ke ɗaukar fakiti, wato ƙunshin saƙo, daga nan ya kai shi can, da hannunsa ya rubuta shi, da C.

Da na je wurinsa bai bar ni na taɓa kibod ba sai da na gaji da jira. Kan waya yake ba ni in matse. Jijiyoyi takwas ne, kowace da launinta da gurbinta. In na kuskure ɗaya ba ya faɗa, almakashi kawai zai sa ya datse ya miƙo min, har sai wayar ta gajarce ba ta isa ko ɗaurin akuya ba. Daga nan ya zaunar da ni gaban baƙin allo inda lambobi ke zuba kamar ruwan famfo, ya ce waɗannan su ne fakitocin da ke wucewa, in yi ta kallo har in gane su da ido yadda mai awo ke gane gero da maiwa. Kayan aikina har yau su ne na lokacin: filayar matse kan waya, ƙarfen narka dalma, wayar siriyal da ake soka wa akwati a jiki idan ya daina jin magana ta iska, da tsohuwar laftof da na ɗaure murfinta da roba.

Ba sha'awa ce ta sa muka taɓa kod ɗin ba. Irin tsofaffin akwatunan sun ƙare a kasuwa, tsawa ta cinye mana wasu, sababbin kuma ƙwaƙwalwarsu daban ce. Oga ya riga ya koma gida noma. Alhaji ya ce tunda za a taɓa, a mayar da shi yaren da yaran yanzu za su iya ci gaba da shi idan mun faɗi. Wannan ban musa masa ba, gaskiya ce. Aka tsaya a kan za a fara da babban akwati na Kontagora, ƙananan na ƙauyuka su ci gaba da tsohon kod ɗinsu. Wato sabon baki zai yi magana da tsofaffin kunnuwa, kuma kada su gane an canja mai magana.

Abin da ya fara cin ƙaniyata lambar ƙofa ce. Kowane fakiti yana ɗauke da lambar ƙofar da zai shiga. Na fassara wurin layi bi layi, na duba na sake dubawa, na ajiye tsohon akwati ɗaya a kan tebur na aika masa. Shiru. Babu ƙorafi, babu jan rubutu, shiru kawai. Na yi ta zagin waya, na canja ta, na zagi batir, na canja shi. Sai da na koma kallon lambobi a baƙin allo na ga abin. Tsohon akwati yana rubuta lamba daga babban kai, sabon yana farawa daga ƙaramin kai. Na ce wa fakiti ya tafi ƙofa ta ɗaya, ya je yana ƙwanƙwasa ƙofa ta ɗari biyu da hamsin da shida. Oga bai taɓa juya lambar ba a ko'ina, don duk akwatunansa ɗabi'arsu ɗaya, bai ga dalili ba. Abin da bai rubuta ba, wa zai fassara? Ku ba ni amsa, ku masu kwafa da liƙawa.

Sai mai shara. A C, idan kana son wuri a ƙwaƙwalwa kai za ka ara, kai za ka mayar, in ka manta ka ga ta kanka. Go kuwa yana da mai shara a ciki, shi ke bi yana kwashe abin da ka gama da shi. Da na ji haka har na yi murna. Ashe mai sharar nan ba ya tambayar kowa lokacin da zai shigo. Akwatunanmu suna aika wa juna "ina nan, ina nan" ba ƙaƙƙautawa, in ɗaya ya yi jinkiri sai ɗayan ya ɗauka ya mutu ya yanke layi. A ƙaramin akwati mai ƙaramin ƙarfi, duk sanda fakitoci suka yi yawa mai shara ya shigo da tsintsiyarsa, sai "ina nan" ta makara. Sai da na sake ginin wurin gaba ɗaya, na tanadi kwanukan zuba fakiti a ƙwaƙwalwa tun farko ana juya su ana sake amfani da su, don kada a bar masa abin sharewa. Wannan ba fassara ba ce. Rushe ɗaki ne a sake gini alhali mutane na kwance a ciki.

Duk wannan da sauƙi, don a kan tebur ne. Abin da ya sa aikin ya zama abin tsoro, hanya ce. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankin Mariga, mun rasa faranti na sola, mun rasa batura, kwastomomi sun watse. Haruna, wanda ke hawan mana turke tun zamanin Oga, magidanci da 'ya'yansa, an tare motarsu a hanyar Kasuwan Garba yana dawowa daga ɗaura eriya. Ya yi watanni a daji. Ya dawo ƙafa ɗaya tana ja. Tun daga ranar babu wanda ya sake zuwa wurin akwatin can. Yana saman turke a rufin shagon Malam Audu mai kemis, yana aiki shi kaɗai, muna lallaɓa shi daga nesa. Kuma mutanen can da shi suke kiran 'yan'uwa idan sabis ɗin waya ya ɗauke, da shi masu POS ke aiki, da shi direbobi ke tambayar ko hanya lafiya kafin su taso. In na yi kuskuren da ya sa akwatin nan ya daina jin Kontagora, ba maɓalli zan danna ba. Mutum zai hau hanyar nan da ƙafafunsa.

To a nan na ci karo da baki. A kan kowane fakiti da akwatunan ke aika wa juna akwai ɗan gurbi ɗaya mai ɗaukar ƙaramar lamba, Oga ya sa masa suna baki. Da Hausa yake sa sunaye a kod ɗinsa. A wani wuri na ga baki yana nufin bakin akwati, wato ramin da fakiti zai fita. Na ce to. Na ci gaba sai na gan shi a wani wuri yana nufin baƙi, wayoyin da ba mu san su ba, irin na fatake ranar kasuwa. Na ƙara gaba sai ga shi yana nufin baƙi na launi, wanda aka shafa wa baƙin fenti, a toshe shi. Kalma uku, rubutu ɗaya, gurbi ɗaya. C bai damu ba, ko me ka zuba masa haɗiyewa yake yi. Go kuwa ya tsaya ƙyam ya ce sai na faɗa masa wannan abu lamba ce ko e ko a'a ne. Kuma na ukun nan ba wasa ba ne. Idan akwati ya sa ka a baƙi, rubutawa yake yi a cikinsa, ko an kashe an kunna ba ya mantawa. Ba zai sake sauraron eriyarka ba sai an soka masa waya a jiki.

Na hau mota na tafi Dukku. Na tarar da Oga a gindin mangwaro yana ɓarar gyaɗa, ya tsufa amma bakin nan yana nan.

"Yarona! Ka yi tumbi. Alhaji yana ciyar da kai ke nan."

"Oga, bar tumbina. Karanta min wannan." Na buɗe laftof na nuna masa layin.

"Baki."

"Wannan fa?"

"Baki."

"Na ƙasan?"

"Baki mana. Idonka ya lalace ne?"

Oga ya fi shekara hamsin yana Hausa, ya fi ni sanin ta ta wani wajen, amma a harshensa ka da ƙa duk abu ɗaya ne. Na ce masa, "Oga, wanda ake cin tuwo da shi daban, wanda ake shimfiɗa wa tabarma daban, launin gawayi daban."

Ya yi dariya har gyaɗa ta zube. "Ku Hausawa ne kuka rataya wa kowane harafi ƙugiya kamar mahauta. Kibod ɗina yana da ƙugiya? A kunnena ɗaya ne, a kibod ɗaya ne, wuri kuma ya yi min kaɗan a lokacin. Sai na ce su zauna tare, ai 'yan gida ɗaya ne."

"Sun zauna, ni suke ci yanzu."

Ya zauna ya warware min. Ƙananan lambobi na bakin akwati ne, na tsakiya na baƙin kasuwa, manya na waɗanda aka toshe. Daidai da abin da na yi zato, na ji sanyi. Na sha kunu, na rataya jaka, har na kai bakin zaure ya kira ni.

"Sale, na Kasuwan Garba fa na taɓa shi."

"Ka taɓa shi yaya?"

"Shekarar da wasu suka riƙa satar mana sabis a can. A saman rufin na zauna na ƙara masa wani abu don ya kama su."

"Ina kwafin?"

"Hadari ya taso, na sauko da sauri."

"Me ka ƙara?"

Ya kalli gyaɗar hannunsa. "Wallahi yarona, ya shige min."

Ban taɓa ɗaga wa Oga murya ba sai ranar. Na ce masa ya bar tarko a hanyar da ba mai iya bi, ya dawo yana ɓarar gyaɗa. Bai ji haushi ba. Cewa ya yi, "Lokacin da na sa shi hanyar lafiya take, da safe ka je da yamma ka dawo. Ban rubuta kod don zamanin nan ba." Na juya na fita.

Da na dawo na gaya wa Alhaji a dakata. Kod ɗin da ke hannuna ba shi ne ke cikin akwatin Kasuwan Garba ba, ina son in daɗe ina naɗar maganar da ke tsakaninsa da tsohon babban akwati, in kwaikwaye ta harafi bi harafi. Alhaji ya ce, "Malam Sale, aikin nan naka ya fi ginin masallaci daɗewa." Na ce masa gini ana ganin bulo, wannan ba a gani. Ya ƙyale ni. Na yi ta naɗa ina kwatantawa, fakitin kaya, fakitin "ina nan", duk na daidaita su. Sai dai tsohon akwatin bai jira ni ba. Da ma zafi na sa shi suma, wata rana da hantsi ya suma bai farka ba. Na hau bene na ji warin ƙuna tun daga matakala. Garuruwa uku suka yi duhu lokaci ɗaya, wayar Alhaji ta hau ruri, tawa ma haka. Babu sauran zaɓi. Na ɗaura sabon akwati da sabon kod, na yi bisimilla na kunna.

Nasko ta amsa nan take. Dukku ta biyo. Kasuwan Garba ta amsa sau ɗaya, ta yi shiru.

Na buɗe abin da na naɗa na tsohon akwati, na nemo gaisuwar farko, wadda yake aikawa idan ya farka daga suma, na jera ta da ta sabon. Komai ɗaya ne sai gurbin baki. A kod ɗin Oga, gaisuwar farko ba ta zuba komai a gurbin. C ba ya wanke kwano kafin ya miƙa maka, abin da ya saura a ciki da shi yake tafiya, don haka shekara da shekaru wata 'yar lamba da ta maƙale a ƙwaƙwalwa ce ke tafiya a wurin, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya san da ita. Go kuwa mai tsafta ne, ya wanke kwanon tas ya aika sifili. Abin da Oga ya ƙara a saman rufin nan, sai yanzu na gane shi: duk wanda ya zo gaisuwa da sifili a baki, ɓarawo ne, a sa shi a baƙi. Fassarata ba ta da kuskure ko ɗaya, kuma ita ta sa akwatinmu ya ɗauke mu ɓarayi. Na gyara wurin kafin ladan ya kira azahar, layi ɗaya ne. Amma wa zan gaya wa? Kunnen ya riga ya toshe.

Da la'asar Malam Audu mai kemis ya kira. Dutsen bayan kasuwa ya hau ya sami ɗan sabis, muryarsa na yankewa.

"Malam Sale, lafiya? Abin naku ya mutu."

"Bai mutu ba, fushi yake yi da mu."

"To ku ba shi haƙuri! Jibi kasuwa. Direbobi sun ce in ba su ji labarin hanya ba ba za su ɗauko kaya ba. In kashe in kunna?"

"Ko sau ɗari ka kashe ba zai manta ba."

"Akwai wani ɗan rami a jikinsa, yarana sun ce in an soka tsinke yana komawa sabo."

"Malam Audu, don girman Allah kada kowa ya soka masa komai. In ya koma sabo, kod ɗin ya tafi, kuma babu kwafinsa a duniya."

Layin ya yanke. Alhaji yana tsaye a kaina yana ji. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ai Haruna ya san wurin." Na ɗago na kalle shi, ya kau da kai ya ce shi shawara kawai ya kawo. Ban san wa ya kai maganar ba, amma kafin magariba sai ga Haruna a ƙofar shago yana jan ƙafa, ɗamarar hawansa ta fata a kafaɗa.

"Oga Sale, an ce akwai aiki."

"Wa ya ce?"

"An dai ce. Ka nuna min inda zan soka wayar da abin da zan danna, ka rubuta min a hannu in ya so."

"Da wace ƙafar za ka hau?"

"Da mai kyan. Ɗayar rakiya take yi." Ya yi 'yar dariya. "Kai da wane cikin za ka hau? Turken nan sirara ya sani."

"Kawo ɗamarar in gani."

Ya miƙo min, na jefa ta ƙarƙashin tebur na taka da ƙafa. Na ce ya tafi gida. Ya ce ba a yi masa haka, shi ba mabaraci ba ne, aikinsa ne. Na ce aikinsa hawa ne, amma abin da ke saman ba hawa yake so ba, karatu yake so, kuma ko na rubuta masa a goshi ba zai gane abin da allon zai nuna masa ba. Na faɗa da zafi don ya ji ciwo ya tafi. Ya ji, ya tafi bai yi min sallama ba. Ya daɗe bai sake gaishe ni ba, kuma na gwammace hakan.

Wannan shi ne aikin da kuke cewa manhaja za ta gama kafin shayi ya huce. Za ta ba ku kod mai kyau, na yarda, wataƙila ya fi nawa kyan gani. Amma ba ta san akwai lambar da ba wanda ya rubuta ba, ba ta san wani tsoho ya gudu wa hadari ya bar aiki a saman rufi ba, kuma in akwati ya toshe kunne ba ita za a tare a hanya ba.

Washegari bayan asuba na ɗauko ɗamarar Haruna na gwada, ba ta zagaye ni ba. Na kunna ƙarfen dalma na huda mata sabon rami can kusa da ƙarshe. Na sa tsohuwar riga da silifas, na bar wayata mai kyau a gida, na naɗe laftof da wayar siriyal a tsumma na cusa su a tsakiyar buhun gishiri, don mai laftof a hanyar nan ko ma'aikacin gwamnati ne ko mai kuɗi. Na hau bayan a-kori-kura tare da masu kai manja. Muka kama hanya har muka ga rumfunan kasuwa. Malam Audu ya jingina tsani, na hau rufi, na ɗaura ɗamara na kama turke ina hawa ina hutawa. Na soka wayar, na ɗora laftof a gwiwa, na nemo inda akwatin ke ajiye waɗanda ya toshe. Ga ɓarayin Oga na da can a jere, ga eriyar Kontagora a ƙarshensu. Na goge ta. Kafin in sauko na kwashe duk kod ɗin da ke cikinsa na zuba a laftof.

Ina cikin naɗe waya na ji wayoyi sun fara ƙara a ƙasa, nan da can, har cikin rumfuna. Malam Audu ya saki tsani ya fito tsakiyar hanya yana ɗaga tasa sama.

"Ya dawo! Malam Sale, wallahi ya dawo!"

Na ce masa ya bar ihu ya koma ya riƙe min tsani.